Wasiƙa zuwa Kumasi a kan jikin Hajiya

Kano, 9 ga Maris

Aminina Habibu,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da iyali da mutanen Zango baki ɗaya. Yaya jikin Hajiya? Allah Ya ƙara sauƙi, Ya sa kaffara ne.

Tun ranar da muka yi waya maganarka ta tsaya mini a rai. Ka ce hannun da ya shanye ya fara motsi, tana dafa bango ta kai banɗaki, likita ma ya yaba. Amma ta daina magana, ta juya fuska bango, abinci sai da lallashi, magani kuwa sai Rabi mai jinyarta ta tsinto shi a ƙarƙashin matashi. Ƙannenka na cewa jifa ne, wasu na cewa rikicin tsufa. Na yi shiru a wayar domin amsar ba ta minti biyar ba ce, kuma akwai abin da na daɗe ina ɓoye maka.

Ka san a 2016 aka gano ina da ciwon suga. Farkon abin na riƙe shi da ƙarfina. A shekara ta uku ne na gaji. Kullum sokar yatsa, kullum ƙwaya, tuwo sai an auna, a gidan biki kowa da lemonsa ni da ruwa. Sai barci ya ƙaurace mini. Ƙarfe uku na dare idona biyu, ina lissafin waɗanda na sani da aka yanke wa ƙafa. Shagona na Kantin Kwari na sakar wa yaro. Majalisarmu ta bayan la'asar na daina zuwa. Kai shaida ne kan yadda nake son Kano Pillars, amma sai a buga wasa a gama ban tambayi ci nawa ba. Sallah ban bari ba, azkar ban bari ba, sai dai ƙirjina kamar an ɗora masa buhun gero. Daga baya na daina shan maganin, kuma ba mantuwa ba ce, gani na yi ba shi da amfani. Duk wanda ya zo dubiya sai ya ce, "Alhaji, a yi tawakkali mana." Wallahi Habibu, wannan kalma ta fi allura zafi, domin sai na koma zargin imanina a kan ciwon da ke cina.

Da sugan ya haura aka kai ni asibiti, wani matashin likita ya ajiye biro ya ce, "Baba, yaushe rabonka da jin daɗin wani abu?" Sai ga ni ina hawaye a gaban sa'an ɗana. Ya ɗauko takarda mai tambayoyi tara a kan makonni biyun da suka wuce: barci, cin abinci, gajiya, ganin kai ba a bakin komai ba, tunanin gara mutuwa. Ya ce sunan abin ciwon damuwa, kuma yana kama masu suga kusan ninki biyu a kan sauran mutane. Ya bayyana mini cewa idan damuwa ta daɗe, jiki yana yawan fitar da wani sinadari, kotisol, wanda ke ɗaga suga a jini. Ga rashin barci, ga rashin motsi, ga barin magani. Sugan ya hau ya ƙara kasala, kasalar ta ƙara damuwa, kowane yana yi wa ɗan'uwansa fifita. Shekara guda muna faɗa da rabin ciwo, ɗaya rabin ba wanda ya tambaye shi.

Da ya ambaci likitan ƙwaƙwalwa na ce a'a. Ka san mutanenmu, da an ji haka sai a ce wane sai asibitin masu taɓin hankali na Dawanau. Da ƙyar uwargida ta shawo kaina. Aka ba ni ƙwaya ɗaya a rana, ina kuma zuwa muna tattaunawa. Mako biyu ban ga komai ba, har na so watsarwa. Wajen wata guda sai wata safiya na ji ina sha'awar ƙosai.

Na Hajiya ya ma fi nawa dalili. A cikin mutum uku da suka yi shanyewar ɓarin jiki, kusan ɗaya yana faɗawa ciwon damuwa. Wani ɓangaren daga raunin da ƙwaƙwalwar kanta ta samu ne lokacin da jini ya yanke mata. Wani kuma kai ma ka san shi: matar da ta yi shekara arba'in tana juya gida, yau sai surukarta ta ɗaura mata zane. Kuma wanda zuciyarsa ta karaya ba ya jure gashi da motsa gaɓoɓi, hannun da ya fara dawowa sai ya tsaya a nan.

Don haka ina roƙonka, ranar da za ku koma asibitin Komfo Anokye kada ka tsaya a kan awon hawan jini. Ka gaya wa likita da bakinka cewa ba ta ci, ba ta magana, tana ɓoye magani, kuma tun yaushe. Hajiya ba za ta faɗa ba, irinsu "da sauƙi" kawai suka iya. Ka nemi a haɗa ku da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa. Ku a Gana tun 2012 kuke da dokar kula da wannan fanni, mu nan sai a 2023 aka sa hannu a kan wadda ta maye gurbin ta 1958. Kada a sayo mata komai a kemis da ka, domin wasu magungunan ba sa jituwa da waɗanda take sha. Idan kuma ka ji ta fara cewa ta zame muku kaya, gara ta tafi, to a kwashe magunguna daga kusa da ita, a kai ta asibiti a ranar.

Addu'a da ruƙiyya a ci gaba, ban ce a bari ba. Amma duk wanda ya ce mata rashin godiyar Allah ne, ka karanta masa aya ta 84 a Suratu Yusuf, inda idanun Annabi Yaƙub suka yi fari saboda baƙin ciki. Wa zai ce shi ba ya tawakkali?

A gida kuma ku mayar mata da girmanta. A riƙa zuwa neman shawararta kan cefane da auren Zainabu, a kawo mata zogale ta tsinke da hannun mai lafiya, a fito da ita tsakar gida da hantsi. Ka kuma duba Rabi, mai jinya ma tana karyewa, a samu wadda za ta riƙa karɓarta ko kwana biyu a mako.

Zan ba direban motar goro turaren wuta da carbi ya kawo mata. Ran Juma'a bayan masallaci zan kira, ka sa mata wayar a kunne ko da ba za ta amsa ba. Ka gaishe da Rabi da yara.

Naka,
Bashir