Man lafinda na shafawa ne, ba na sha ba

Malam Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana a kan wani abu da ya dame ni a nan unguwar Nima ta Akra.

Mu nan Gana kowane turare lafinda muke ce masa, ko na sidi biyar ne da ake sayarwa a bakin tashar trotro, wato ƙananan motocin haya, har wurin nan na bakin teku kusa da Korle Gonno da motoci suka daɗe suna juye kashi, mutanen Akra don tsokana Lavender Hill suka sa masa suna. To amma lafinda ta gaskiya tsiro ce guda, ɗan gajeren itace mai fure shunayya mai haske, Larabawa na ce mata khuzama, asalinta ƙasashen bakin tekun Bahar Rum ne, kuma yanzu Bulgeriya da yankin Provence na Faransa su ne manyan masu nomanta. Busasshen wuri take so da sanyin hunturu, damina irin tamu ruɓar da saiwarta take yi.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne, makon jiya maƙwabciyata ta sayo wata ƴar kwalba wajen mai tallan magani a mota, wai man lafinda ne, yana maganin hawan jini da ciwon suga da aljanu da rashin barci duk a kwalba ɗaya, sai ta ɗiga wa ɗanta mai shekara uku a koko saboda baya barci da dare, yaro ya kama amai, muka kwashe shi sai asibiti tsakar dare. Alhamdulillahi ya warke. Kwalbar ko lambar FDA, hukumar kula da abinci da magunguna, babu a jikinta, Allah kaɗai ya san abin da ke ciki.

Ba wai tsiron ba shi da amfani ba ne, yana da shi. Akwai wani sinadari a cikinsa da ake kira linalool, ƙamshin na kwantar da hankali, shi ya sa Turawa ke cusa busasshen furen a matashin kai ko cikin akwatin kaya don korar asu. Furen ana jiƙa kaɗan a ruwan zafi a sha kamar shayi. Amma man da aka tatso da tururi wani abu ne daban, ƙarfinsa ya wuce na fure nesa, ko a fata ma sai an gauraya ɗigo biyu zuwa uku da man kaɗanya ko man kwakwa, a gwada a hannu tukuna. A Jamus akwai ƙwayar da ake yi da man, miligiram 80, don masu yawan fargaba, amma wannan a masana'anta aka auna shi kuma na manya ne, ba wai ka buɗe kwalba ka tuttula wa yaro ba.

Sai maganar kala, tunda bana duk amaren unguwannin Mamobi da Sabon Zango ankon lafinda suke fitarwa. Wata ƴar'uwata da ta yi zama a Landan ta tada hankalin dangi wai kalar makoki ce. Eh, a Ingila zamanin Sarauniya Victoria mace in ta gama sa baƙi na takaba takan koma toka-toka ko lafinda, amma wannan al'adarsu ce ta wancan lokacin. Maƙwabtanmu Asante ja da baƙi suke sawa a makoki, fari in tsoho ne ya cika shekaru, mu kuma ba mu da kalar mutuwa sai farin likkafani. Ni dai na ce wa ƙanwata ta ɗinka leshinta, kuɗin ma an riga an biya a kasuwar Makola.

Roƙona ga limamanmu da masu shirin Hausa a rediyo, su ja kunnen iyaye mata a kan waɗannan kwalabe, don mai tallan nan jiya ma na gan shi da lasifikarsa.

Naku,
Wata mai karatu daga Nima, Akra