Godiya Ta Musamman Ga Garejin Da Ya Saita Mini Turbo a Kano

Assalamu alaikum Oga, da dukan yaran gareji.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na ga godiyar da na yi muku baki da baki ranar da na karɓi mota ba ta wadatar ba, shi ya sa na rubuto wannan a bainar jama'a, inda masu mota irin tawa za su gani. Masu kwance inji su ɗaura suna da yawa a garin nan. Amma wanda zai zauna ya saita matsin iskar turbo da awo, ba da kirdado ba, sai an tona.

Motata Subaru Impreza WRX ce ƙirar 2004, 'yar Amurka, mai injin lita 2. Tun da ta zo hannuna take da wata ɗabi'a: in na taka totur a giya ta uku sai ta yunƙura da ƙarfi, can kuma ta tsinke lokaci guda, sannan ta dawo. Kana buɗe bonet ka nuna mini dalili. Wani hannu da ya riga mu ya cire tiyon kamfani ya maƙala ɗan bawul na hannu mai noti, ya murɗa shi iya son ransa. Iska tana wuce kima, ita kuwa kwamfutar motar tana yanke mai don ta ceci injin. Na zo muku da GReddy Profec, na'urar lantarki mai saita matsin iskar turbo, a kwalinta, na ce a ɗaura. Ka karɓa ka ajiye a gefe, ka ce ba za a taɓa ta ba sai an san lafiyar motar tukuna.

Abin da ya fara burge ni ke nan. Kun toshe bakin da turbo ke shaƙar iska, kun hura iska da kwamfuresa a hankali, ƙaramin yaronka ya bi kowace mahaɗa yana yayyafa ruwan sabulu daga gorar roba da ya huda wa murfi. A ƙarƙashin intakula, wato abin da ke sanyaya iskar turbo kafin ta shiga inji, wajen da tiyo ya rabu biyu, sai ga kumfa tana tasowa, ƙanana-ƙanana, suna fashewa suna sake fitowa. Yaron ya ɗago kai ya ce, "Oga, ga ta nan." Tsagar ba ta kai tsawon farce ba, kuma da ido ba wanda zai gan ta. Ka ce mini duk saitin da aka yi a kan tiyo mai yoyo aikin banza ne, domin turbo zai riƙa wahalar da kansa yana cike abin da ke zuba, iskar kuma ta ƙara zafi. Kun aika Ƙofar Ruwa aka samo tiyo da kilif masu kyau, kun cire filogi huɗun kun duba launinsu da tazararsu, kun canja matatar iska da ƙura ta riga ta cika.

Bayanin da ka yi mini kan yadda abin ke aiki zan maimaita shi a nan, saboda na san da yawa cikin masu sayen wannan na'ura ba su taɓa jin sa ba. Hayaƙin da ke fita daga inji shi ke juya turbo, turbo kuma ya danna iska cikin inji. A jikinsa akwai wata 'yar ƙofa, wesget, wadda in ta buɗe sai wani ɓangare na hayaƙin ya kewaye turbo ya wuce salansa, gudun juyin ya tsaya a inda yake. Sifirin ne ke riƙe ƙofar a rufe, matsin iska ne kuma ke bi ta siririn tiyo ya tura ta ta buɗe. Na'urar lantarkin tana sa ɗan bawul nata a tsakiyar wannan tiyo, yana buɗewa yana rufewa sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya, yana rage iskar da ke isa ga ƙofar. Idan ƙofar ta jinkirta buɗewa, matsi ya hau. Saboda haka na'urar tana iya ƙara matsi sama da ƙarfin sifirin, amma ba ta da ikon saukar da shi ƙasa da haka. Shi ya sa kuka fara fita da motar na'urar tana kashe, don a san inda sifirin ya tsaya shi kaɗai. Allurar awon matsi ta tsaya wajen psi 7 (psi shi ne ma'aunin matsin iska), kuma ba ta ci gaba da hawa ba da injin ya ɗau gudu. Ka ce alhamdu lillahi, ƙofar lafiyarta ƙalau.

Ɗaurin kansa an yi shi da tsabta. Bawul ɗin kun nisanta shi da zafin turbo, tiyon awo kun ɗauko shi daga bayan totur inda injin ke karɓar iska, wayoyi kun haɗa su da dalma kun rufe, ba murɗawa da salatif ba. Bawul ɗin saita matsi na kamfani da motar ta zo da shi kun bar masa filoginsa na wuta a jone don kada fitilar gargaɗi ta kama a dashbod.

Sai saiti, wanda a nan ne haƙurinku ya fito. Kun zaɓi miƙaƙƙen titi a bayan gari, lokacin da babu cunkoso. Kai kana tuƙi, babban yaronka yana gefe da kwamfuta a cinya, an kuma sa ma'aunin mai da iska a salansa. Kafin a ƙara komai, ka fara saita iyakar gargaɗi da abin da zai sauke matsi da kansa in an wuce ta. Daga nan a giya ta uku, a taka daga ƙasa har injin ya hau, a saki, a tsaya a karanta, a ƙara kashi kaɗan, a sake. Da aka zo saitin da ke sa matsi ya hau da wuri, allura ta yi tsalle ta wuce inda ake so kafin ta dawo. Ni a kujerar baya daɗin tsallen na ji. Kai kuwa ka girgiza kai ka mayar da shi baya, har allura ta riƙa hawa ta tsaya cak ba ta rawa.

Na tambaye ka ko za a iya kai ta psi 17 ko 18, kamar yadda ake gani a bidiyon masu irin motar a ƙasashen waje. Amsar da ka ba ni ita ce ainihin dalilin wannan wasiƙa. Ka ce kamfanin ya ƙera ta ne a kan psi 13.5, da sharaɗin a sa mata fetur mai daraja ta sama, irin wanda ake warewa daban a gidajen man Amurka. Mu kuwa a nan fetur iri ɗaya ake sayarwa, kuma ba kowane gidan mai ne za a ba amana ba. Ga zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40 a Kano. Ga intakular wannan mota a saman inji take, tana jiran iskar da ke shiga ta kafar bonet, wadda ba ta samuwa in an tsaya a cunkoso. Iska mai zafi, matsi mai yawa da fetur mai rauni in suka haɗu, man yakan fashe da kansa a cikin silinda ba bisa ƙa'ida ba, a ji wata 'yar ƙara kamar tsakuwa a cikin gwangwani. Wannan ƙarar ce ke cin fistin da rin, har wata rana a ce inji ya buga. Ka ƙara da cewa ƙarin iska yana bukatar ƙarin mai, kuma wannan na'ura ba ta ƙara mai ko ɗigo, sai an sake tsara kwamfutar motar.

A ƙarshe ka bar mini saiti biyu: psi 10 na yau da kullum da lokacin zafi, da psi 13 na doguwar tafiya in na yarda da man da na sha. A ganina wannan shi ne gwaninta. Da ka murɗa mini ita yadda na nema, da na tafi ina murna, kuma in injin ya lalace bayan wata shida, ku ne dai za ku samu aikin kwance shi, aikin da kuɗinsa ya ninka wannan sau da yawa. Kun san haka, kuka zaɓi ku faɗa mini gaskiya.

Tun daga lokacin na je Zariya da ita, na je Jos. Tsinkewar nan ta tafi. A hawan tudun Jos ma tana ja sumul, allura tana zaune inda kuka bar ta. Kuɗin aiki kuwa yadda muka yi tun farko haka kuka karɓa, in ban da na tiyo da matata da kuka nuna mini rasiɗinsu, tsofaffin kayan ma kun zuba mini a leda kun sa a but.

Yaranka su ma sun cancanci yabo, musamman ƙaramin da ya gano tsagar. Na lura ba ka yi musu tsawa, tambayarsu kake yi me suka gani, sannan ka gyara musu. Allah Ya sa su gaje ka a wannan hali.

Ban manta da abin da ka ce ba, cewa in hunturu ya shigo iska ta yi sanyi, saitin da ya zauna daidai a zafi yana iya haurawa kaɗan, don haka in kawo ta a sake dubawa. In Allah Ya kai mu Disamba za ku gan ni. Allah Ya yi wa sana'arku albarka, Ya ƙaro kasuwa, Ya tsare ku da iyalanku.

Naku,
Mai shuɗiyar Subaru.