Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Kakakin Majalisar Dokokin Jihar Kaduna a kan sunan Gwamna Lugga

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da sauran 'yan majalisa. Ni tsohon malamin tarihi ne, na ajiye alli, yanzu sai zaman ƙofar gida da sauraron rediyo. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne sunan da ke kan ginin da kuke zama kuna yi mana doka, wato Lugard Hall.

Wata shekara na kawo ɗalibaina ziyara nan. Muna tsaye a rana muna jiran a ba mu izinin shiga, yara sun ɗaga kai suna kallon ƙubbar ginin, sai wata yarinya ta ja mini hannun riga ta ce, "Malam, shi wannan Lugard ɗin ɗan majalisa ne da ya rasu?" Sauran suka fashe da dariya. Ni ban yi ba, domin tambayarta ta fi dariyarsu hankali. A iya saninta, ba a sa wa babban gini sunan mutum sai in ya yi wa jama'a hidima. Na duba bango ko zan ga wani rubutu da zai taya ni amsa, ban gani ba. A cikin mota, muna komawa, na ba su labarin. Shi ne zan maimaita maka a taƙaice.

Frederick Lugard, wanda kakanninmu suke kira Gwamna Lugga, an haife shi a Madras ta ƙasar Indiya a 1858. Soja ne, kuma matafiyi ne na gasken gaske, wannan ba mai ƙwace masa. Ya yi yaƙi da fataken bayi a gefen tafkin Nyasa a 1888, har aka harbe shi. Ya shiga Uganda a 1890 yana yi wa wani kamfanin Ingila aiki, kuma a 1892 bindigarsa mai ruwa ce ta raba gardama a Mengo, inda ya goya wa wani ɓangare na Kiristocin Buganda baya a kan ɗaya ɓangaren. A 1894 ya yi rige-rige da Faransawa zuwa Nikki ta ƙasar Bargu don ya riga su sa hannu a yarjejeniya. Ran 1 ga Janairu 1900 ya kafa tutar Ingila a Lokoja, ya shelanta cewa ƙasar Arewa ta shiga hannunsu, alhali yawancin masu ƙasar ko labari ba su ji ba.

Bari in fara da abin da za a zuba masa a ma'aunin alheri, don kada a ce tsoho ya zo da ƙiyayya. Kakata ta wajen uwa takan ba mu labarin mahaifiyarta, wadda mahaya suka kama tana yarinya a bakin rafi a kudancin Zazzau, da tulu a kanta. Ba ta sake ganin garinsu ba. Har ta mutu akwai wata waƙa da take rerawa in tana niƙa, da wani harshe da babu mai jinsa a gidan, kuma kakata ta riƙe baiti biyu ba tare da ta san ma'anarsu ba. Wannan shi ne halin da ƙasar nan take ciki kafin zuwan Nasara, mu daina ɓoye shi. Sarkin Sudan na Kontagora, Ibrahim Nagwamatse, ya mai da garuruwan Gwari kufai saboda farautar bayi. Dokar Lugga ta 1901 ta hana kai hari don kamun bayi, ta rufe kasuwanninsu, ta ce duk yaron da aka haifa daga watan Afrilu na shekarar ɗa ne. Duk wanda ya ce wannan ba komai ba ne, a danginsa ba a taɓa ɗaura wa kowa igiya a wuya ba.

Kadunar nan ma shi ya zaɓi wurin, inda layin dogo ya ƙetare kogi, aka taso da hedikwata daga Zungeru a 1917. Amma jirgin ƙasan da ya iso Kano a 1911, wanda na sha jin ana jingina masa, a zamanin magajinsa Girouard ne aka fara aikinsa. Lugga a lokacin yana gwamna a Hong Kong. Haka makarantar Ɗan Hausa ta Nasarawa a Kano, ita ma ba ya nan aka buɗe ta a 1909.

To, sai ɗaya ma'aunin. Bida da Kontagora da Yola sun faɗi a 1901. Kano ta faɗi a farkon Fabrairu 1903, igwa ta fasa ƙofa, Sarki Alu yana hanyar dawowa daga Sakkwato. Wazirinsa Ahmadu ya kwanta dama a Kwatarkwashi, shi kuma Alu ya ƙare rayuwarsa a tsare a Lokoja. Ran 15 ga Maris aka yi karon Giginya, dawaki da masu da takubba a gaban bindiga mai ruwa. Bayan kwana kaɗan Lugga ya tsaya a Sakkwato ya gaya wa manyan gari ƙarara cewa yadda Fulani suka ci ƙasa da yaƙi, haka su ma suka ci, saboda haka naɗa sarki da tuɓe shi da aza haraji duk sun koma hannunsu. Sarkin Musulmi Attahiru ya zaɓi hijira, talakawa suka bar gonaki suka bi shi. Aka bi sawunsu har Burmi, aka kashe shi da ɗaruruwan mutanensa ran 27 ga Yuli. Waɗanda suka tsira suka nausa gabas, jikokinsu suna can Mai Wurno a Sudan har gobe.

Wani zai ce ai yaƙi ne, kuma yaƙi ɗan zamba ne, kowa ya samu sa'a sai ya yi. To, ya gaya mini me za a kira Satiru.

Satiru ƙauye ne a kudu da Sakkwato, tafiyar 'yan sa'o'i a ƙafa. Talakawa ne a ciki, da yawansu bayi ne da suka gudo daga rinjin iyayen gijinsu. A Fabrairu 1906 suka yi bore da sunan Mahadi, suka kashe Turawa uku da sojoji sama da 20, makamansu galibi gatari da fartanya da baka. Lugga yana Zungeru ya tura runduna, sarakuna suka ba da gudummawar mahaya. Ran 10 ga Maris aka auka musu. Masana tarihi sun ƙiyasta waɗanda aka kashe sun kai 2,000. Aka ƙone garin ƙurmus, aka kwashe mata da yara aka rarraba, Sarkin Musulmi na lokacin ya la'anci duk wanda zai sake gini ko noma a wurin. Har a Landan sai da aka yi ƙorafi a kan yawan jinin. Ranka ya daɗe, mutumin da ya zo da da'awar 'yanta bayi, ga gudaddun bayi a gabansa, ga abin da ya same su. A nan ne nake ganin ma'aunin ya rinjaya. Dokar 1901 ɗin ma ba ta saki waɗanda suke hannu ba, sai bawa ya biya murgu ya fanshi kansa a gaban alƙali, domin Lugga yana tsoron gonakin manya su mutu haraji ya ragu. Sai 1936 aka soke bauta gaba ɗaya a Arewa.

Akwai kuma ɓarnar da ba ta da jini a ranar da aka yi ta, wadda ku 'yan majalisar jihar nan kuka fi kowa sanin ɗacinta. Lugga ba shi da isassun Turawa ko kuɗi, sai ya yi mulki ta hannun sarakuna. Sarkin da a da yake shakkar malamai da masu zaɓen sarki, yanzu Razdan kaɗai yake shakka. Al'ummomin kudancin Zazzau da suka daɗe suna kare kansu a kan duwatsu, bindigar Bature ce ta sauko da su, aka ɗora musu hakimai daga Zariya masu karɓar haraji. Ban ce duk wata fitina da aka yi a Kafanchan ko Zangon Kataf Lugga ne ya kunna ta ba, mu ma muna da namu alhakin, kuma ba kaɗan ba. Sai dai itacen da muka hura, tun zamaninsa aka fara tara shi. Haɗe Kudu da Arewa da ya yi a 1914 kuwa lissafin baitulmali ne, Arewa tana cin tallafi daga Ingila, Kudu tana da rarar kuɗin kwastan. Ba a tambayi ko mutum ɗaya daga cikinmu ba.

Shi ya sa sunan yake yi mini nauyi a kan wannan gini musamman. Gadar ƙarfen da aka ɗauko daga Zungeru aka kafa a lambun Gamji, a bar mata sunansa, kayan tarihi ce. Amma zauren da wakilan jama'a suke taruwa, inda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi zama, ya amsa sunan mutumin da bai taɓa yarda talaka yana da bakin magana a mulki ba? Na san akwai masu cewa yunwa da rashin tsaro sun ishe mu, wa ke ta sunan gini. Gaskiyarsu, ni ma fanshona ba ya kai ni ƙarshen wata. Sai dai wannan aiki ba ya cin kuɗin rijiyar burtsatse ko ɗaya.

Ga roƙona. Majalisa ta kira zaman jin ra'ayin jama'a, a gayyato malaman tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello da na Gidan Arewa, a gayyato masarautu da dattawan kudancin Kaduna, kowa ya faɗi abin da ya gada daga bakin kakanninsa. In an yarda a sauya suna, don Allah kada a cire Lugga a liƙa na wani gwamna mai ci ko ubangidan siyasa, in haka ne gara a bar mana shi. In kuma aka ga a bar sunan, to a kafa allo a bakin ƙofa, da Hausa da Turanci da ajami, a rubuta dokar 1901, a rubuta Giginya da Burmi da Satiru, a rubuta cewa yawancin sojojin da suka ɗana kunamar bindigogin nan 'ya'yan ƙasar nan ne, Hausawa da Yarbawa.

In an sa ranar zaman, a sanar a rediyo, zan zo ko da sanda. Baitocin nan biyu na kakata har yanzu ina riƙe da su, wataƙila a cikin dattawan da za su halarta a samu wanda zai gane harshen.

Allah ya yi maka jagora.

Naka,
Wani tsohon malamin tarihi,
Tudun Wada, Kaduna