Wasiƙa daga Nairobi: wai ni ne karen mota

Assalamu alaikum mutumina,

Ya gida ya iyali, ya zafin Kano? Ina fata yaran duk lafiya. Na ga saƙonka a ƙarƙashin hoton da na turo, wai duk karatun da nayi ƙarshenta karen mota na zama a ƙasar mutane. Nayi dariya har da ƙwalla, amma bazan barka da wannan maganar ba, zauna kaji.

Wanda ka gani kusa da ni abokin aikina ne ɗan Kenya, motar tasa ce, wata tsohuwar Subaru da ya kwashe shekara biyu yana zuba mata albashi. An cire kujerun baya da kafet da rediyo, an yi mata waldar ƙarafuna a ciki kamar keji saboda ko ta wuntsila kar rufin ya danne mu. Mai karanta masa hanya a tseren mota ne yayi aure matar tace sam, shine ya lallaɓo ni, wai ya lura bana makara kuma rubutuna yana karantuwa. Gasar ta ƴan sha'awa ce, wani kulob ya shirya a cikin gonaki, babu kuɗin kirki a ciki sai kofi, kai ne ma zaka biya kuɗin shiga da mai da taya.

Su nan abin a jininsu yake. Safari Rally, babbar gasarsu ta tseren mota, tun 1953 aka fara ta, lokacin naɗin Sarauniya Elizabeth, ta fita daga gasar duniya bayan 2002 sannan ta dawo 2021 a Naivasha. Kowane bakanike zai baka labarin Joginder Singh da ya ci a 1965 da wata Volvo ta hannu, ɗan'uwansa Jaswant na karanta masa hanya, ko Shekhar Mehta da ya ci sau biyar. Amma tambayi waye ke zaune gefen Mehta a huɗu daga ciki, sai an sosa ƙeya kafin a tuno Mike Doughty. Kaga tun can mu ƴan kujerar gefe ba a san darajarmu ba, ba kai ka fara ba.

Ga yadda aikin yake. Ana gobe gasa ake barin kowa ya bi hanyar a hankali, direba na faɗa ni ina rubutawa da fensir. Kowace kwana da lambarta, a tsarinmu shida ita ce wadda ko ɗaga ƙafa daga totur ba sai yayi ba, ɗaya kuma sai an kusa tsayawa. Sai tazara, mita hamsin, mita ɗari biyu, sai gargaɗi, akwai tudu baka ganin bayansa, akwai kwalbati, kar ka yanke kwanar nan dutse na ɓoye a ciyawa. Ranar gasa ana sakin motoci ɗaya bayan ɗaya da tazarar mintuna, da agogo ake tsere, ni kuma ina karanta masa ta wayar da ke cikin hular kwano. Shi abin da kunnensa yaji yake tuƙawa. In nace bayan tudun nan miƙe take, haka zai haye a guje bai ga komai ba, da yaransa biyu a gida. Wane karen mota aka taɓa ba wannan amanar?

Abin dariya, motocinsu sitiyarin a dama yake, to ni a hagu nake zaune inda direba ke zama a gida. Duk kwanar da muka tunkara sai ƙafata ta danna birkin da babu shi, wallahi da yamma cinyata ciwo take. Ga karatu cikin gargada, kanka a sunkuye ciki na juyawa, citta na dinga taunawa tun asuba ita ta cece ni.

Zango na farko da na biyu lafiya lau. A na uku ne na tafka ta. Mun shiga wata ƙura mai laushi kamar garin fulawa, fesh-fesh suke ce mata, ta turnuƙe har cikin motar, na kai hannu zan juya shafi ashe biyu na haɗa. Na ce masa dama biyar, na ɗago kai naga hanya ta karya hagu. Kasan abin da zuciya ke raya maka a lokacin? Ka ci gaba da magana ko Allah zai sa ka dace, kar a gane ka ɓata. To tun ranar farko ya gargaɗe ni, yace in ka ɓata ka faɗa, kunya bata kisa amma bishiya tana yi. Sai na daka ihu na ɓata, bi da ido! Ya sassauta nan take, duk da haka tayar baya ta daki dutse ta fashe. Muka lallaɓa gefe, na ruga na kafa alamar nan mai kusurwa uku a baya, na ɗaga allon OK don motar da ke tafe ta san ba wanda ya ji rauni, dokar kenan, sannan jak da sufana, don ba a yarda kowa ya sa mana hannu ba. A gareji mun sha gwada canjin taya cikin minti uku, ranar sai da muka ci wajen bakwai, noti ɗaya ya faɗa cikin ƙura ina lalube kamar mai neman allura. Bai ce min uffan ba. Da muka koma ciki ya ja bel yace twende, wato mu tafi, na nemo shafin da wata gada da na gane muka ɗora. Shirun nan ya fi min zagi ciwo.

Kuma ban gama ba. Tsakanin zango da zango ana hawa titin kowa da kowa, dole a bi dokar hanya, kuma akwai katin lokaci da ni ke riƙewa, sai a daidai mintin da aka rubuta zan miƙa wa jami'i. Makarar minti ɗaya tarar daƙiƙa goma ce, amma in kayi gaggawa ka miƙa da wuri tarar minti guda ce cur. Ni da aka ɗauko saboda bana makara, ina cikin ruɗewa na miƙa kafin lokaci. Jami'ar ta dube ni tace pole, wato sannu, ta rubuta abinta.

Mun dai ƙarasa, can ƙasa-ƙasa, amma motoci da dama ko ƙarshen basu gani ba. Nayi la'asar a bayan tantin bakanikai, goshina duk ƙura, da na sallame sai ga direban nawa da shayi kofi biyu yana tambaya ko ina da wani abu a watan jibi. Nace babu. Yanzu na lanƙwasa kusurwar kowane shafi na littafin, biyu bazasu sake haɗuwa ba.

Dan Allah kar hoton nan ya kai wajen Hajiya, ita ta san aikin ofis nake. In wani zai taho ka aiko min da yajin citta da kilishi. Ka gaida madam da su Baba.

Naka har kullum,
mai karanta hanya