Kan Ƙunar Kishiyata

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya mai jiki? Allah Ya ƙara sauƙi.

A bakin yayarki na ji, tun da ke kin ga dama kin ɓoye mini. Wai ruwan zafin da ya zubo wa kishiyata, 'yar taki, a ƙirji ana neman sati uku wurin bai rufe ba, kuma wai kin sayi wata filasta wurin wata mata a Facebook, ta ce miki da magani a jikinta, yana tsatsafowa a hankali, tabo ba zai tashi ba.

Ban ce babu irinta a duniya ba. Ɗan Baffanku da ke aikin jinya a asibitin Shika ya zaunar da ni ya warware mini. Ya ce in fata za ta haɗe, jiki kan saƙa wani zare da suke kira kolajin, to a jikin wasu saƙar ba ta sanin ta tsaya, sai nama ya yi ta tudu. A Japan likitoci sun daɗe suna liƙa filasta mai sitiroyid, wani maganin rage kumburi, don kwantar da irin wannan tabo, amma sai ciwo ya rufe ruf. A ɗanyen ciwo maganin nan hana warkewa yake yi, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama. Waɗanda ake son su hana tabo tun ciwo na ɗanye kuwa, yawancinsu har yanzu gwaji ake yi. To ita matar taki a ina ta samo tata?

Abin da ke hana ni barci kunnen Gwaggonki ne. Kin san shi. Daga huji ɗaya ya fara, aka kai ta wurin wanzami ya yanke, ya dawo ya fi na da, aka sake yankewa, ya fito kamar ƙwallon goruba. Ni na kwana ɗaki ɗaya da ita, na san yadda take sosa shi da dare har ya yi jini, na ga yadda ta koyi ɗaurin kallabi mai saukowa gefe guda, ko ranar bikinta haka ta ɗaura. Jinin nan yana gidanmu, kuma kunne da kafaɗa da ƙirji ya fi so. Ƙirji fa! 'Ya mace!

Kin yi ta kumbura mini baki da na hana a ƙara miki huji kina 'yan mata, har kika ce ni mutumiyar da ce. Shafa kunnenki yanzu ki ji. Duk karatun da kika yi a Samaru, a ce wadda ba ki taɓa ganin fuskarta ba ita ce likitar 'yarki? Haba!

Na san ba kya runtsawa, na kuma san kina ɗora wa kanki laifi. Ki daina. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa.

Ki kawo ta Shika wurin masu kula da ƙuna, don an ce ƙunar da ta haura sati uku ba ta rufe ba ita ta fi tayar da tabo. In ta rufe, akwai faifan silikon, wani abu mai laushi kamar roba, da ake liƙawa aƙalla awa 12 kullum har watanni, in ya ƙi kwanciya akwai allurar da ake yi a cikin tabon. Kafin nan ban da man goge baki, ban da ɗanyen ƙwai, ko da surukarki ce ta ce a shafa. Filastar kuma kada ki ɓare ta, ki taho da ita a kwalinta likita ya karanta.

Babanku ya ce in maigidanki ba zai samu zuwa ba, ƙanenki zai tarbe ku a Kwangila. Ki gaishe shi.

Mahaifiyarki,
Tudun Wada, Zariya