Wasiƙa daga Tudun Wada zuwa ga Hajiya Rabi

Tudun Wada, Zariya.

Aminiyata Hajiya Rabi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya gajiyar jego, ya mai jego, ya kuma angon namu? Allah ya raya shi bisa sunna. Na ga hotonsa a wayar jikata Ummi, wannan goshin dai ba na kowa ba ne, naki ne sak.

Kin ce sanyin Ingila ya hana ki ko leƙa ƙofar gida. To ki gode wa Allah. Mu nan bazara ta buɗe mana wuta, tun hantsi ba ka iya taka tsakar gida ba takalmi, dare kuwa kowa ya ja tabarmarsa waje. Hadari yakan haɗu ta wajen Kufena da yamma, a yi ta murna, sai iska ta watsar da shi. Ga shi an ba yara hutu, babansu ya kwaso mini su huɗu ya sauke ya yi gaba. Gidan ya koma kasuwar Amaru.

Bari in faɗa miki laifin da na yi tun kafin ki ji a bakin wani. Kin tuna atamfar ankon bikin ƙanwarki, shuɗiyar nan mai zanen ganye, wadda muka sha yawo a kasuwar Sabon Gari kafin mu samu turmi goma iri ɗaya? Na sa mata almakashi. Fiye da shekara talatin tana ƙasan adaka. Da na ɗago ta, launinta na nan kamar jiya aka buga, jikinta ko ɗigon ci babu. Irin ta masaƙun Kakuri ce, tun zamanin da Kaduna ke tufatar da mu, kafin a rufe masaƙar UNTL a 2007. Na zauna da ita a cinya na daɗe, na ce wa zan bar wa? Matan yanzu ba za su ɗaura ba. Gara in gan ta tana yawo a jikin jikoki.

Sai na kakkaɓe tsohon kekena Butterfly, na ɗiga masa mai, na sake bel. Zane ɗaya ya ba ni doguwar riga ta kishiyata Ummi da ta ƙanwarta, na yi musu tattara a ƙugu, har da ɗan kallabi. Ragowar ƙyallayen na harhaɗa jakar Islamiyya guda uku, na ninka hannun sau biyu don na san halinsu. Har 'yar tsana na yi wa auta. Audugar rimi na cusa mata, yanzu ne lokacinta, in kin bi ta Rimin Tsiwa sai ki ga tana tashi a iska. Maɓalli biyu su ne idanu, amma ɗaya ya fi ɗaya girma, yarinya ta dube ta ta ce wai hararar ta take yi.

Idona ne dai ya fara gardama. Ummi ce mai zura mini zare a allura. Takan lashi bakin zaren, ta kanne ido ɗaya, ta zura, sannan ta riƙe allurar a bayanta ta ce sai an biya. Kuɗin aikinta kofin zoɓo ne. Na ce mata a gidan wa aka taɓa ganin kishiya na karɓar lada? Ta ce ai ni ce na tsufa.

Wanda ya ba ni wahala shi ne angona Abba. Cewa ya yi shi babbar riga yake so irin ta mahaya, da ita zai je kallon hawan Babbar Sallah a ƙofar fada. Na sayi farar shadda yadi uku, na kai wa wata tsohuwa a Kwarbai ta zana mini aska biyu da ɗan tambari a baya. Kin san matan cikin birni, an ci an sha a kan ɗinkin riga, suna hira hannu na tafiya, ba sa ko duban allurar. Ni kuwa sai da na yi kwana tara, na zo haɗawa na manna aljihun a dama. Alhaji ne ya leƙo ya ce, "Wannan rigar ta bahago ce?" Haka na zauna na warware da reza, ina yi ina ƙunƙuni. Yanzu ta koma hagu inda ya kamata, sai dai in kin matso kusa za ki ga sawun allurar farko. Da tela na kai wa da an gama tuntuni, na sani. Ban so ba ne.

Abin sha kuwa, na hana sayen lemon kwalba a gidan nan. Kullum da asuba nake ɗora zoɓo. Gwangwani biyu nake ɗauraye wa da ruwan sanyi saboda ƙasa, in zuba ɓawon abarba, da kanumfari, da masoro kaɗan, da citta. Cittar ma yanzu da lissafi ake sa ta, tun da cutar nan ta cinye gonakin Kaciya da Kafanchan a 2023 kuɗinta ya yi sama. Ba na sa kanwa, tana kashe masa tsami ta kuma mayar da shi baƙi, ni kuwa jan nan nake so. Maimakon sukari, mazarƙwailar Maƙarfi nake jefawa tun yana da zafi. In ya huce in tace, in ɗura a robobi in jera su a gindin randa, in lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu. Ba ya kai na firji sanyi, amma ba ya jiran a kawo wuta.

Wutar ce ma ta yi mini tsiya ranar Juma'a. Na jiƙa aya kwano guda tun daren Alhamis, na tsince tsakuwa har bayana ya ƙage, aka kai inji da dabino da kwakwa, na tace bokiti cike, fari tas, kauri kamar kindirmo. Ina sa shi a firji aka ɗauke wuta. Na aika Abba neman ƙanƙara, ya tsaya kallon ƙwallo. Kafin la'asar ya yi kumfa ya soma tsami. Kunun aya ba shi da haƙuri, ke kika sha faɗa mini in riƙa yin kaɗan-kaɗan, ban ji ba.

Mangwaro ne ya share mini hawaye. Ya cika gari, a Kwangila har tsallake tulinsa ake yi. Binta suga nake saya, in fere, in murje a rariya da bayan ludayi, in matsa lemon tsami ɗaya, in ƙara ruwan randa. Yara sukan shanye har su bi kofin da yatsa. Na gwada da kankana ma, bai yi armashi ba, ruwa ya yi yawa.

Abu guda ne ya gagare ni, ruwan tsamiyarki na azumi. Na yi sau uku, ko ya yi tsami ya kama haƙori, ko ya yi salam. Da ruwan ɗumi kike jiƙawa ko na sanyi? Kuma wane ƙamshi ne nake ji a ƙarshensa, kimba ce? Ki turo mini ta murya, kada ki ce sai kin dawo.

Na ware zane ɗaya daga atamfar ban yanka shi ba, na goyon angonmu ne, na riga na yi masa kalmasa, saura majanyi. Ina so in haɗa da 'yar hula. Ki sa zare ki zagaye kansa ta saman kunne, ki auna a tef ki faɗa mini inci nawa, ni zan ƙara yatsa biyu don kan jariri ba ya jira. Ɗan maƙwabciyarmu zai koma karatu can bayan Sallah, ya ce zai riƙe mini, har da ƙullin zoɓo in bai yi masa nauyi ba.

Alhaji na gaishe ki, Ummi ta ce a gaida ɗan ƙaninta. Ki gaida mai jego da maigidanta.

Taki har kullum,
Hajiya Asabe