Ka Saya Masa Shuɗiyar Rigar

Assalamu alaikum, ɗana.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Mu nan kalau muke, alhamdu lillahi. Mahaifiyarka tana gaishe ku, ta kuma ce in gaya maka wannan maganar ba ta kai a ɓata takarda a kanta ba. Na ce mata ba ta san zafin abin ba ne.

Saƙonka ya iso. Ka ce abokina, wato ɗanka, ya ƙeƙashe ƙasa, ba ya son jar rigar Liverpool da ka saya masa, shuɗiya yake so, ta Manchester City, mai sunan Haaland a baya. Ka hana shi, ya yi kuka, yanzu ko ana wasa ba ya zama kusa da kai. Shi ne kake so in ja masa kunne tunda yana jin maganata. To, kunnen da zan ja naka ne. Ka saya masa rigar.

Na san inda abin yake maka ƙaiƙayi. Duk ƙungiyoyin duniya yaro ya rasa wadda zai ɗauka sai wadda ta fi kowa sa mu kwana da baƙin ciki a shekarun nan. A 2014, da Gerrard ya zame Demba Ba ya wuce da ƙwallo, su suka ɗauke kofin. A 2019 mun tara maki 97, wasa ɗaya tak aka ci mu a duk kakar, su suka ci mu, kuma suka ƙare da 98. A 2022 mu 92, su 93, bayan Aston Villa ta sa musu biyu a wasan ƙarshe har mun fara miƙewa tsaye, sai suka zura uku cikin 'yan mintoci. Ban manta ba, kuma ban ce ka manta ba.

Amma kai a ganinka yaya aka yi gidanmu ya zama gidan Liverpool? Kana magana kamar da ita aka haife mu. Kakanka, Allah ya jiƙansa, bai taɓa taka ƙasar Ingila ba, bai san kowa a birnin ba. Rediyo ce ta haɗa shi da su. A watan Mayu na 1977 ya ji ana ta ambaton wata ƙungiya da ta doke Borussia Mönchengladbach ta Jamus da ci 3-1 a birnin Rum ta ɗauki kofin Turai. Shekara ta zagayo suka sake ɗauka, Dalglish ya zura wa Club Brugge ƙwallo ɗaya a Wembley. A 1981 suka doke Real Madrid a Paris, a 1984 suka bi Roma har gidanta suka ƙwace kofin a bugun fenariti. Kocinmu Bob Paisley kaɗai, cikin shekara tara, ya ɗauki kofin lig shida da na Turai uku. Kakanka ya bi su ne don suna ci, ba wani dalili. Abin da ya ja shi a lokacin shi ne yake jan ɗanka yau. Yaro ya buɗe ido ya ga ƙungiya ta lashe gasar Firimiya sau huɗu a jere, daga 2021 zuwa 2024, ya ga wani dogon saurayi ya zura ƙwallo 36 a kakarsa ta farko, abin da ba a taɓa yi ba a gasar. Me kake so ya so?

Waɗanda suke bin ƙungiya don unguwarsu ce, ubansu ya riƙe hannunsu ya kai su fili tun suna ƙanana, nasu daban ne, kuma ina girmama shi. Amma mafi yawan masu goyon bayan manyan ƙungiyoyi a duniya ta ƙofar nasara suka shigo, su ko iyayensu. Babu abin kunya a ciki. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, kuma tana ƙarewa kowace ƙungiya, ba a taɓa yin wadda ta tsira ba.

Mu tamu ta ƙare a 1990. Wa zai gaya mana a ranar cewa sai an yi shekara 30 kafin mu sake ganin kofin lig? A cikin wannan farin aka haife ka, a cikinsa ka girma. Abokanka 'yan United suna ta ɗaga kai a zamanin Ferguson, kai kana dawowa gida fuska a murtuke. Ka taɓa tambayar kanka me ya hana ka komawa wajensu? Ni dai ban taɓa hana ka ba. Ban ce uffan ba ranar da ka shigo da hoton Thierry Henry ka manna a ɗakinka, ya yi watanni a bango, kai da kanka ka cire. Abin da ya riƙe ka shi ne zaman. In za a yi wasa mu uku muke zama, ni da kai da kakanka, shi kuma da rediyonsa a kan cinya ko da talabijin na kunne, don ya ce bai yarda da ƙwallon da bai ji ta a bakin mai sharhi ba. Rediyon kan riga hoton da 'yan daƙiƙu, sai ya buga tsaki tun ƙwallo ba ta shiga ragarmu a allo ba, mu yi ta roƙonsa ya rage murya.

Ka tuna daren 25 ga Mayu, 2005, a Santambul, daren da muka ɗauki kofin Zakarun Turai a hannun AC Milan. Minti ɗaya ba a cika ba Maldini ya ci mu, Crespo ya ƙara biyu kafin hutun rabin lokaci. Ka tashi za ka kwanta, idonka ya cika da ƙwalla. Kakanka bai yi maka wa'azi ba, cewa kawai ya yi ka zauna, wanda ya ga farkon abu ya ga ƙarshensa. Ka zauna kana kumbure-kumbure. Gerrard ya sa kai a minti na 54, Smicer ya buga daga nesa a na 56, a na 60 Dida ya tare fenaritin Alonso, shi kuma ya bi ta ya ƙarasa. A ƙarin lokaci Dudek ya tare wa Shevchenko sau biyu a jere daga kusa, har yau in na sake kallo ban gane yadda aka yi ba. Tsohon da ko dariya ba ya yi da ƙarfi, ranar hularsa a ƙasa muka tsince ta. Bai kai 2020 ba. Da Chelsea ta doke City a watan Yunin shekarar kofi ya tabbata namu, ana tsakiyar korona, filaye babu kowa, kai ka fara kira na, kuma ba Salah ko Mané ka fara ambata ba, cewa ka yi da ma Kaka yana nan.

Wannan shi ne abin da yake hannunka, kuma shi kake shirin zubarwa saboda launin riga. Yaron da ya daina zama kusa da kai lokacin wasa ba Liverpool ya bari ba, tunda bai taɓa shigarta ba. Wurin zamansa ya bari. Zai koma ɗaki da waya a hannu, ya kalli guntayen bidiyo na daƙiƙa talatin shi kaɗai, ya koyi ƙwallo a bakin baƙin da ba su san komai ba sai zagi. Ka ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne a kan salla da gaskiya da ladabi, a nan ka tsaya da ƙafarka. Kada ka kashe ikonka na uba a kan abin da ba zunubi ba, don wata rana za ka nemi ya ji maganarka a kan babban abu, ka tarar ya saba jin “a'a” a kan kowane ƙaramin abu.

In ya ɗauki City, to ka sa ya ɗauke ta gaba ɗaya. Ka zauna ka ba shi labarinta, ko da za ka yi kana cije haƙora. Ka gaya masa ƙungiyar nan da yake gani tana taka kowa ta faɗa rukuni na uku a 1998. A 1999, a Wembley, Gillingham tana gaba da ci biyu, ana dab da tashi, mutane sun fara fita daga fili, sai suka farke ɗaya, Paul Dickov ya farke ta biyu a cikin mintocin da alƙali ya ƙara, suka haye a fenariti. Waɗanda suka zauna a kujerunsu a ranar, da waɗanda suka yi ta cika Maine Road, tsohon filin City, suna kallon wasa da ƙananan ƙungiyoyi alhali maƙwabtansu United na ɗaukar kofi uku a shekarar, babu mai goyon bayan da ya fi su a duniya, mu ma ba mu fi su ba. Sun yi shekara 35 babu babban kofi, sai da Yaya Touré ya ci Stoke a wasan ƙarshe na kofin FA a 2011. Kofin lig kuwa daga 1968 sai 2012, da ƙwallon Agüero a ragar QPR ana shirin hura usur. Ka ba shi labarin golansu Bert Trautmann, Bajamushen da ya ƙarasa wasan ƙarshe na 1956 da karyayyen wuya bai sani ba, yara suna son irin wannan. Ka gaya masa uban Haaland ɗin ma ya taka wa City leda. Kuɗin Abu Dhabi da suka shigo a 2008 ma ka faɗa masa, ba da gori ba, don ya san abin da abokan hamayya za su jefe shi da shi.

Akwai ma abin da zai haɗa ku. Filin da suka doke Inter da ci 1-0 a 2023 suka ɗauki kofin Zakarun Turai na farko a tarihinsu, shi ne filin Atatürk ɗin da muka yi namu a 2005. Ka nuna masa naka daren, ya nuna maka nasa.

Kada kuma ka ɗauka gida mai launi biyu sabon abu ne. A can Liverpool ɗin kanta akwai gidaje da yawa da uba ja ne ɗa shuɗi, ɗan Everton, kuma tare suke tafiya kallon wasan hamayya. Kai, filinmu na Anfield da muke taƙama da shi asali gidan Everton ne. Rigimar kuɗin haya ce da mai filin, John Houlding, ta sa suka tashi a 1892, shi kuma ya ga fili babu masu wasa ya kafa tamu. Ka ga ke nan ba daga sama aka saukar da mu ba. Mu ma mun yi shekara takwas a rukuni na biyu, daga 1954, sai da Bill Shankly ya zo ya fito da mu a 1962.

Abu biyu ne kawai nake so ka tsananta a kansu, kowace riga ya sa.

Na farko, kada ya yi wasa da matattu. Zai ji ana yi, zai gani a waya, manya ma suna yi ba kunya. Ka zaunar da shi ka gaya masa abin da ya faru a filin Hillsborough ranar 15 ga Afrilu, 1989: mutanenmu sun tafi kallon wasan kusa da na ƙarshe na kofin FA da Nottingham Forest, cunkoso ya matse su a jikin shinge, rayuka 97 suka salwanta, ƙaraminsu yaro ɗan shekara 10, ɗan'uwan Gerrard. Aka ɗora wa magoya baya laifi, iyalai suka yi ta fafutuka har 2016 kafin bincike ya wanke su. Ka gaya masa na filin Heysel ma, a 1985, inda mutum 39 suka mutu, yawancinsu 'yan Juventus, kuma a can namu ne suka yi rugugin da ya jawo katanga ta rufta. Kada ka ɓoye masa wannan don namu ne. Haka haɗarin jirgin Munich na 1958 da ya ci 'yan wasan United takwas. In ya san waɗannan tun yana yaro, bakinsa ba zai iya ba ko an ja shi.

Na biyu, caca. A zamanin kakanka in an ci mu barci kawai muke rasawa. Yanzu tallar caca tana jikin riguna da allunan fili da cikin waya, tana bin yaro har kan gadonsa. Wanda ya sa kuɗi a wasa ya daina kallon ƙungiyarsa, takardarsa yake kallo, har ya kai yana fatan a zura wa nasa ƙwallo don lissafinsa ya fita. Na ga samari masu hankali da abin ya cinye musu albashi da mutunci. Kuma wannan gargaɗin ba na abokina kaɗai ba ne, kai ma kana ciki.

Sauran duk wasa ne. Ku yi ta tsokanar juna, in sun ci mu ka bar shi ya yi rawarsa a gabanka, in mun ci su ka yi taka amma da sauƙi, yaro ne. Wata rana Haaland zai tafi kamar yadda Keegan ya tafi Hamburg, Torres ya tafi Chelsea, Suárez ya tafi Barcelona. A ranar za ka ga ko ɗan wasa yake bi ko ƙungiya. Wataƙila ya dawo ja da ƙafarsa, wataƙila ya mutu shuɗi. Ko wanne ne, ka tabbata a gefenka yake zaune lokacin da zai yanke.

Kuɗin rigar ni zan biya, zan turo maka, ka ce masa daga abokinsa ne. Ka ɗauko wadda ta ɗan fi shi girma, yaran yanzu ba sa jimawa a kaya. In kun zo hutu ya taho da ita a jikinsa, ni ma zan sa tawa, mu ga wanda zai fara kuka. Ka gaishe min da matarka, ka ce mata na san ita ce take raba ku, Allah ya ba ta lada.

Allah ya yi muku albarka.

Mahaifinka.